Takardun da ke Cikin Kwanukan Zuwaira

Zango, Damagaram
Laraba, 12 ga Oktoba, 2022

Zuwa ga Yaya Ramlatu, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙane ga yayarsa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Alhaji Illa da yara da jikoki. Na ji ciwon ƙafar ya sake tashi bayan komawarki, Allah ya sawwaƙe, ya sa kaffara ne. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau a ƙauyuka, an fara yankan gero, dawa kuma tana kan nuna. Gida yana nan yadda kika bar shi, ban da abin da kika fitar daga cikinsa.

Fahad, na san kai za ka karanta wa mahaifiyarka wannan takarda. Ka karanta mata duka, kada ka tsallake inda ka ga zai yi mata nauyi, kada kuma ka tausasa. Idan ta ce ka tsaya, ka tsaya ta sha ruwa, sannan ka ci gaba.

Yaya, akwai wata magana taki da nake ɗauke da ita tun shekarar da kuka zo ɗaurin auren Fahad, ban taɓa sauke ta ba. Kin shigo gidana da hantsi, kika same ni gaban murhu na naɗe hannun riga ina tuƙa tuwo, matata Zuwaira kuma tana zaune bakin ƙofar ɗaki da takarda a kan faifai tana rubutu. Kina tsaye ta gama, ta ninke takardar, ta shiga ta sa a cikin kwano ta rufe. Sai a wurin biki, gaban matan dangi da na unguwa, kika ce an gama da Mumini, 'yar Malam ta rubuta shi ta ninke ta sa a kwano ta rufe. Mata suka yi dariya. Kafin ki koma Abijan duk Zango ta san Mushe Abdulmumin, malamin makaranta guda, mijin-ta-ce ne, kuma ba da son ransa ba, shanye shi aka yi. Na same ki na yi miki bayani cewa labarai take rubutawa, har na nuna miki ɗan littafinta da sunanta a bango. Kika ce wadda ba ta taɓa taka lakwal ta yi boko ba ina ita ina littafi, ni na rubuta ta sa na sa sunanta, kuma wannan ma wata shaida ce. Na bar maganar don ke babba ce.

Tun rasuwar Zuwaira kina aiko mini da saƙon murya, kina tambayar me ya sa ba na ɗaukar wayarki, ko baƙin ciki ne bai sake ni ba. Shi ne, amma ba shi kaɗai ba. Ƙarshen littafinta na ƙarshe yana cikin kwanukan nan da kuka raba, kuma tun ranar da kika tafi nake bin sawunsa. Ban so in yi miki magana ba sai na san inda ya ƙare. Yanzu na sani, don haka ga amsar saƙonninki.

Kin san ni ne wanda gidanmu ya ba lakwal. Na yi Yamai, na yi Dakar, na dawo da takardun shaida da tunanin wata rana za a karanta littafina a ƙasashen da ba su san inda Damagaram take ba. Na rubuta shi da Faransanci, na aika wa masu buga littattafai, suka maido mini da shi tare da 'yar wasiƙa mai ladabi. Na koma aji na koyar har kaina ya yi fari. Yaran da na koya wa riƙon bik, wato biro, yau suna wuce ni a motocin gwamnati, wanda ya tuna ya ɗago mini yatsu ta cikin gilashi. Da na ajiye aiki ban fito da komai ba sai hawan jini da kyakkyawan rubutun hannu. Zuwaira kuwa ajami ta koya a gaban mahaifinta, Kawu Malam Isma'ila, tun tana yarinya tana kallonsa yana rubuta wa fatake wasiƙu. Da Allah bai bar mana ɗa ko ɗaya ba, gida ya yi shiru, sai ta fara cika takardu. Ranar da ta fara karanta mini abin da ta rubuta, na gane abin da na je nema har Dakar yana cikin gidana yana wanke mini riguna.

Ga abin da ba ki taɓa yarda ki saurara ba. Labari ba ya zo wa Zuwaira tana zaune. Idan ta shimfiɗa tabarma ta ɗauki bik da niyyar rubutu, sai ta wuni tana kallon bango. Sai hannunta yana cikin aiki, tana surfe, ko tana cuɗa wanki, ko tana goge gindin tukunya da toka, sannan mutanen labarin su fara magana a kanta. Kuma ba sa jira. Kafin ta ƙarasa wankin ta shanya ta goge hannu, sun yi shiru, ba su dawowa da irin kalmomin da suka zo da su. Ta daɗe tana asararsu haka, in kuma ta bi su abinci ya ƙone. Sai muka shirya tsakaninmu: ita za ta fara aikin, idan abin ya zo ta ce Mushe karɓi, ni kuma in karɓa daga inda ta tsaya, ko muciya ce, ko soso, ko tsintsiya. Haka na koyi tuƙin tuwo da furfura a kaina. Na farko duk gudaji ne, ta ce ko kaji sai sun yi shawara kafin su taɓa shi. Ranar da famfo ya ga damar kawo ruwa ni ke jera jarkoki a layi, mata suna tambayata ko yau ma ni aka aiko, ina amsa musu da cewa ni aka aiko. Na kai niƙa, na hura gawayi, na san bambancin kukar bana da ta bara. Bayan la'asar sai ta zauna ta karanta mini abin da ta rubuta, ni kuma in juya shi zuwa boko a kaye, littafin rubutu na 'yan makaranta, in kai wa Tahiru mai shagon fotokofi a bakin kasuwa ya buga ya ɗinke. Idan na gyara mata jimla sai ta ce in mayar yadda take, mutanenta ba su yi lakwal ba, ba za su yi magana kamar mai sanarwa a rediyo ba. Matan unguwar Zango da na unguwar Birni suna sayen littattafan, suna ba juna aro har bangon ya mutu. Wannan shi ne asirin da kika gani.

Kwanukan kuma ba don ɓoyo ba ne. Ta taɓa ajiye takardunta a akwati, gara ta cinye mata labari guda. Ɗakin yana yoyo da damina, ɓeraye ba su bar mu ba. Kwano mai murfi ne kaɗai abin da ya gagari gara da ɓera da ruwa. Shi ya sa take sa kowane babi a kwanonsa cikin jeren da ke kan kantar ɗakinta, tana farawa daga ƙanana tana hawa zuwa manya.

Littafin ƙarshe labarin wata Ramatu ne, matar madugu a nan Zango a zamanin ayari. Mijinta ya tafi arewa da raƙuma bai dawo ba, ta riƙe gidan da cinikin goro, aka ce ya mutu, ta yi takaba, daga baya ta auri amininsa ta haifa masa 'ya'ya. Kashi na ɗaya da na biyu sun fita. Na biyu ya tsaya ne a inda wani baƙo ya zo ya ce ya ga madugun da ransa a wani gari cikin hamada. Kashi na uku ta rubuta shi tana cikin ciwo. Numfashinta ba ya kai ta karanta mini da baki, ni kuma ajamina na ɗan koyo ne, rubutun hannunta sai ita, sai kuwa malamin da ya saba. Don haka takardun suka yi ta taruwa a kwanuka ban kwafe ko layi ba. A watannin nan ni ke yin aikin gida duka, amma takan ce in zuba mata wake a faifai ta tsince, ba don muna bukatar wake ba, sai don hannunta ya sami abin yi labarin ya zo. Na sha tambayarta me Ramatu za ta yi. Sai ta ce in yi haƙuri, idan ta faɗa da baki hannunta ba zai yarda ya rubuta ba. Kwanaki kaɗan kafin ta cika, ta miƙo mini takardu ta ce in ɗora su a babbar samira ta can sama, ta gama, sauran aiki nawa ne.

Kin zo ta'aziyya, kuma na gode miki, hanyar ba kusa ba ce ga mai ciwon ƙafa. Cikin gida ya cika da mata, ni ina zaure da maza, ba ni da hanyar shiga. Amma kin tuna na sa aka kira mini ke bakin labule, na ce kada a taɓa ɗakin Zuwaira sai bayan arba'in, akwai takardu a ciki. Kika ce in ji da baƙina, ɗakin mace maganar mata ce. Washegarin sadakar bakwai jinina ya hau, Tahiru ya ɗauke ni a babur zuwa likita, aka riƙe ni aka sa mini ruwa. A wannan wunin kika kira malam da 'yan'uwanta biyu, Rabi ta Droum da Delu ta Garagumsa, kika ce tafiya ta kama ki, a raba kayan ɗaki yanzu kowa ya huta. Rabona na kwanuka kika ce ke za ki riƙe, namiji ba abin da zai yi da samira. Da aka sallame ni na dawo kin riga kin hau mota. Na shiga ɗakin na ga kantar fayau, sai shatin gindin kowane kwano a kan katako.

Droum na fara zuwa, a motar kasuwa, hanya duk taɓo. Rabi ta karɓe ni da kuka da fura, ta ce ƙananan kwanukan ne suka zo mata, kuma lallai sun sami takardu a ciki. Kin san Zuwaira ba ta fara shafi sai da Bisimilla da salati, haka mahaifinta ya koya mata. Da Habu mijin Rabi ya ga haka, sai ya ce addu'o'in Malam Isma'ila ne da 'yarsa ta gada. Ya sa aka naɗe su a fatar akuya aka rataye a cikin rumbu, don albarkar sabon gero. Na ce masa labari ne, ya ba ni. Ya ce Mushe, ku 'yan lakwal komai labari ne a wurinku, wannan gado ne, ya faɗo a rabon matarsa, ba ya fita daga rumbunsa. Muka yi ta ja har maƙwabta suka taru. A ƙarshe aka kira limamin garin ya raba mu. Ya warware fatar, ya gyara tabarau, ya karanta Bisimilla da salati da murya, jama'a suna amsawa. Sai ya zarce, ya shiga inda Ramatu take gaya wa wani dillalin goro cewa goronsa ya fi shi tsufa kuma ya fi shi tsutsa. Liman ya yi tari, ya daina karatu da murya, amma bai ɗago kai ba sai da ya kai ƙarshen shafin. Sannan ya ce wa Habu wannan ba addu'a ba ce, a ba mai ita. Da zan tafi ya raka ni bakin hanya, ya tambaye ni a hankali ko matar ta sami labarin mijin nata. Na ce masa abin da nake nema ke nan. Na dawo gida da babukan farko, suna warin fata amma lafiyarsu lau, kuma a ranar na ci abinci.

Garagumsa ba ta yi mini haka ba. Delu ita ma ta ɗauka addu'a ce, amma ita ba rumbu ta kai ba. Tsutsa ta dame ta a gona bana, sai ta raba takardun ta binne a kusurwoyin gonar dawarta, ba leda ba komai, ana tsakiyar ruwan sama. Da na ce a tona, ta ce sai dai in bari a yi girbi, ba za ta buɗe gona ga tsutsa don tatsuniya ba. Na ce mata tatsuniyar ƙanwarta ce, da hannunta ta rubuta tana mutuwa. Sai ta ɗauko fartanya da kanta. Muka shiga cikin dawa, ta tona, na durƙusa ina sa hannu. Abin da ya fito kamar jiƙaƙƙen dusa yake. Na ɗaga wani dunƙule ya rabe a tafina, shuɗin bik ya bi ƙasa. Daga duk abin da ta binne, 'yan layuka na tsira da su, su ma ba su haɗa magana. Delu ta zauna a kan kunyar gona ta rufe fuska da mayafi. Da ta buɗe sai ta ce in daina kallonta haka, nasu ai kaɗan ne, manyan kwanuka su ne a cike, kuma Hajiya Ramlatu da kanta ta juye su a zanenta ta ƙulle, ta ce musu wannan ba na rabo ba ne.

Yaya, ba zan ɓoye miki ba, da na ji haka daɗi na ji. A motar dawowa ina ta gaya wa kaina cewa tsakiya ta tafi amma ƙarshe yana nan, kuma yana hannun 'yar'uwata. Na ce ko me kika ɗauke su, ke mai adana abu ce, har yanzu kina da zannuwan Inna a akwati. Na ce in na haɗa farko da ƙarshe, tsakiyar za a iya faɗa wa masu karatu gaskiya cewa ta lalace. Ban kira ki ba don na san yadda maganarmu take ƙarewa. 'Yarki Ummul Khairi na kira, na roƙe ta ta duba mini kwanukan ba tare da ta tayar miki da hankali ba. Ta duba ta ce an wanke su, har an kai wa maƙwabta abinci a babbar samirar, babu takarda ko ɗaya. Na ce to suna cikin akwatinki. Na zauna da wannan zaton ina lallaɓa shi, ina tsara yadda zan roƙe ki ba tare da mun yi faɗa ba.

Ana haka saƙonki na makon jiya ya shigo. Kika tambaye ni ko na fara jin kaina ya yi sauƙi, ko na fara ganin duniya da idona. Kika ce kin yi mini abin da ya kamata a yi tun da daɗewa, ba sai na gode miki ba, in ina son bayani in tambayi Ɗan Azumi. Ina tsaye a tsakar gida da bokiti a hannu na saurare shi, na sake saurara, sannan na ajiye bokitin.

Ɗan Azumi, ladanin masallacinmu, tun bayan rasuwar yake kauce mini. Da an sallame sai ya ɗauki takalmansa ya bi ta ƙofar gefe, ni kuma na ɗauka kunyar mai makoki ce. Ranar na tare shi bayan azahar, na riƙe hannun rigarsa na ce ba inda za shi. Ya ce Mushe, don Allah mu koma gefe. Ya gaya mini cewa a ranar da nake kwance a likita kin aika aka kira shi bayan gida, kika kwance ƙullin zane, kika ce ga abin da aka ɗaure ƙanenki da shi shekara da shekaru, a karya shi yau. Ya ce ya duba shafi biyu ko uku, ya gaya miki shi dai ya ga sunayen mata da zancen raƙuma da rijiya, bai yi masa kama da asiri ba. Kika ce masa ai mai ƙarfin haka yake zuwa, da sunaye a ciki, kuma shi ladan ne ba malami ba, ya yi abin da aka sa shi. Ya ce ya so ya jira ni, kika ce wanda aka shanye ba a shawara da shi. Sai ya kawo kasko mai tsabta saboda sunan Allah da ke kai, ya kunna. Ya ce takardun suna da yawa, sai da ya riƙa sa su kaɗan-kaɗan yana juyawa da kara, ke kuma kina tsaye har na ƙarshe ya ci. Tokar kika hana a binne a gidan, kika sa ya zuba a kwata ruwan sama ya tafi da ita. Na tambaye shi ko ya tuna wani abu daga abin da idonsa ya gani, ko jimla ɗaya. Ya rufe ido ya yi ƙoƙari, tsakani da Allah ya yi ƙoƙari. Ya ce akwai wata mace tsaye a zaure, kuma akwai wani a waje, bai san ko waye ba. Ya nemi gafarata yana hawaye. Na sake masa riga, don ba shi ne ya ƙulla zanen ba.

A cikin saƙon naki kin kuma ce kin yi magana da wata bazawara a Birni, mai hankali, wadda za ta riƙa dafa mini abinci in daina abin kunya a layin famfo. Ki ba ta haƙuri. Na iya tuwo, na iya miya, wankina yana fita. Ba wanda ya shanye ni, Yaya. Ni na ga matata tana da abin da ba ni da shi, na riƙe mata muciya don ta sami hannun rubutawa, kuma a duk aikin da na yi a duniya, har da shekarun da na ƙarar a aji, shi ne kaɗai wanda na ga amfaninsa da idona. Kaina bai yi sauƙi ba. Abin da ya canza shi ne yanzu idan na fara wanke-wanke ni ke ƙarasawa, ba mai cewa in karɓa.

Tahiru ya ce mata suna zuwa shagonsa suna tambayar kashi na uku, wata tsohuwa ma ta ce a gaya wa Mushe ya yi sauri, ita ba ta da tabbacin kaiwa baɗi. Ya ba ni shawara in rubuta ƙarshen da kaina, tunda na san mutanen kuma na san bakinta, ba wanda zai gane. Na gwada. Na zauna da kaye bai zo ba. Na tashi na wanke tukwanen da ba su da datti, na zuba wake a faifai na tsince, ko ni ma za a yi mini magana. Abin da ya fito insha'in malamin makaranta ne, kowace jimla daidai, ba mai rai a ciki. A wani na sa Ramatu ta buɗe wa madugu ƙofa, a wani na sa ta ƙi, kuma duk biyun ƙarya nake yi mata. Na yaga. Ba zan sa sunan Zuwaira a kan abin da ba ta faɗa ba.

Ban yanke zumunci ba, kuma ba zan yanke ba, nono ɗaya muka sha. Na yarda a ranki kin ɗauka ceto na kike yi. Amma na gaya miki gaskiya da bakina tun tuni, na kuma roƙe ki a bakin labule, kika zaɓi abin da kika riga kika yanke. Abu ɗaya nake nema a wurinki. Matan da kika gaya wa cewa 'yar Malam ta rufe ni a kwano, da yawansu suna raye, kuma kina da lambobinsu, kullum kuna gaisawa. Ki aika musu da muryarki, kamar yadda kike aiko mini, ki ce Zuwaira ba ta taɓa yi wa kowa asiri ba, labari take rubutawa. Ba ta da ɗan da zai wanke mata suna, ni kaɗai ne, ni kuma kin riga kin sa ba a ɗaukar maganata a kanta. Idan kin yi wannan zan ɗauki wayarki. Kwanukan ki riƙe, ki ci abinci a ciki, ba na bukatarsu.

Ki gaishe mini da Alhaji Illa, Allah ya ƙara masa lafiya da kasuwa. Ina gaida Ummul Khairi da maigidanta, kuma kada ki yi mata faɗa, ni na sa ta duba kwanukan. Fahad, na gode da karatu, ka gaida iyalinka, ka shafa mini kan yara. Rabi da Delu sun ce in gaishe ki idan na rubuto, ga shi na isar.

Jiya na kai wa wani malami a Birni takardun Droum ya karanta mini na kwafe. Sun tsaya a inda Ramatu take shanya goro a tsakar gida aka shigo aka ce mata wani ayari ya sauka a bakin gari. Daga nan zuwa ƙarshe babu. Zuwaira ta rubuta shi, ta gama shi, ba ta karanta wa kowa ba, kuma babu wani kwafi.

Wassalam.

Ƙanenki,
Abdulmumin